Garantinmu a Garwa

Mu a Garwa idan za mu sayi talabijin, abin da ke fara fitowa daga bakinmu shi ne, "Alhaji, a jona mu gani." Yaron shago ya yanke salatif ɗin kwali, ya zaro ta a hankali, a laluɓo soket, in babu wuta a tayar da janareta. Hoto ya fito, a ƙure murya har maƙwabcin shago ya leƙo, a bi maɓallan rimot ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a shiga ciniki, wannan ya ce albarka, wancan ya ce a duba dai, har a sallama. Sai ana ɗaure kwalin a bayan babur sannan mai saye zai waiwayo ya ce, "To Alhaji, in ta ba da matsala fa?" Mai shago ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Malam, ai ina nan. Ka san inda nake." Wannan dafa ƙirjin shi ne garantin da yawancinmu muka tashi da shi, daga Fulɓere har Jambutu.

In ta iso gida kuwa, gata ta samu. Ledar da ke manne a fuskarta ba za a ɓare ba sai ta fara naɗewa da kanta. Rimot a sa masa rigar leda a ɗaure da roba. Uwargida ta nemo mata mayafi mai ado saboda ƙurar hunturu. Kwalin ma a ɗora shi saman kabad ya yi shekaru yana zaune. Rasit ne kaɗai ba ya samun wannan kulawa, in ma an karɓo shi ke nan. Ko dai ya bi riga zuwa wanki, ko a adana shi inda mai ajiyar ma ba zai ƙara tunawa ba.

Abin da ya tayar da zancen garanti a majalisarmu shi ne labarin da 'yan'uwanmu mazauna Faransa da Amurka ke kawowa. A can, da ka zo biyan kuɗin firij ko kwamfuta ko mota, mai kanti zai yi maka tayin ƙarin garanti. Ka ƙara wani abu a kan farashi, bayan garantin kamfani ya ƙare su ci gaba da ɗaukar nauyin gyara na shekara biyu ko uku. Sai aka shiga muhawara, in irin wannan tayin ya same mu a nan, mu karɓa ko mu bar musu abinsu? Wani dattijo da ya yi ritaya daga kamfanin auduga na Sodecoton ya ce shi kam zai biya, don kwanciyar hankali ma kaya ce da ake saye. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Baba, sayen nagari mai da kuɗi gida. A sayi mai kyau tun farko, a huta." Ni ina bayan ɗan kasuwan, amma hujjata daban take da tasa, don a garin nan nagarin ma ƙonewa yake yi.

Mu tambayi kanmu, me ke kashe kayan wuta a Garwa? Kowane yaro ya san amsa. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama ginawa a 1982 a kan kogin Binuwai, da injina huɗu masu ƙarfin megawat 72 gaba ɗaya. Ita ce ƙashin bayan lantarkin Garwa da Marwa da Ngaundare, alhali garuruwan nan uku sun ninka yadda suke lokacin da aka gina ta. Shekarar da damina ta gaza, ruwan tafkin ya ja baya, injinan ba sa iya ba da abin da aka saba. Wanda ya zauna a nan a 2021 bai manta da rabon wuta unguwa-unguwa ba. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa sun kawo sauƙi, Allah ya ƙara, amma har yau ana ɗaukewa ana kawowa, kuma a wajen kawowar ne ɓarna take. Yara su yi ihun murna, ƙwan fitila ya haska fiye da ƙa'ida na ɗan lokaci, sai ka ji ƙaurin roba daga bayan talabijin. Allon da ke karɓar wuta ya tafi ke nan. Wani lokacin kuma rauninta ne ke yin aika-aika, fanka na juyawa da ƙyar, injin firiza na gurnani yana son tashi ya kasa, har ya ƙone.

Ga tsawar damina, wadda ke bin wayar eriya ko ta dish ta shigo har ɗaki, ta haɗa dikoda da talabijin ta tafi da su tare. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, yana dafa ƙananan kayan da ke ciki har su kumbura. Ga ƙura da ke toshe ƙofofin shan iska.

To ɗauki kowace takardar garanti, ta kamfani ko ta ƙari, ka ba wanda ya iya Faransanci ya karanta maka ƙananan rubutun ƙasa. Za ka tarar an cire lalacewar da hauhawar wuta ta jawo. An cire tsawa, an cire ruwa, an cire faɗuwa da fashewar gilashi. Abin da suka yarda su gyara shi ne aibin da ya fito daga masana'anta. Ka ga ke nan duk abin da muke tsoro an zare shi tun kafin mu sa hannu. Kamar a sayar maka da laima ne a ce sharaɗinta kada ruwa ya taɓa ta.

A ce ma aibin daga masana'anta ne, ina za a kai? Yawancin wakilan kamfanonin nan a Duwala da Yawunde suke, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Sai ka naɗe talabijin da bargo, ka biya mota zuwa Ngaundare, daga nan jirgin ƙasa ko wata motar, kana addu'a kada gilashin ya tsage a hanya, don in ya tsage magana ta ƙare. Sannan jira. Kuma kaso mai yawa na kayanmu ta Mubi da Yola yake shigowa, ko a kwantena daga Dubai da Sin, garanti kuwa sau da yawa a ƙasar da aka sayar da kayan kaɗai yake aiki. Ga wani tarkon kuma. Da talabijin ta ɗauke hoto ta bar murya, ba wanda ke haƙurin jira, wajen mai gyaran unguwa za a nufa. Shi kuma da ya kwance notin farko ya yage tambarin da ke bayanta, garantin ya mutu, ko da saura shekara biyu a takarda.

Su kansu mutanen ƙasashen da wutarsu ba ta wasa ba su gamsu da wannan ciniki ba. Dalili kuwa a fili yake. Kayan lantarki in yana da aibin ƙira, galibi a watannin farko yake nunawa, lokacin garantin kamfani na nan daram. In ya tsallake wannan, sai ya zauna lafiya har tsufa ya kama shi. Ƙarin garantin yana rufe shekarun tsakiya ne, lokacin da kayan ya fi ƙoshin lafiya, shi ya sa ribarsa ke da kauri, shi ya sa kuma mai kanti ke nacewa. A Ingila hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta bincika harkar, ta fitar da rahoto a 2003 cewa masu saye na cutuwa, aka zo 2005 aka wajabta wa kantuna rubuta farashin ƙarin garanti kusa da farashin kayan, aka kuma ba mai saye kwana 45 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. A Amurka mujallar Consumer Reports ta daɗe tana ba masu karatunta shawarar su riƙe kuɗinsu. A Tarayyar Turai kuwa doka ta riga ta ba kowane mai saye garantin shekara 2 a kan sabon kaya, ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

Ni dai da za a ba ni zaɓi, kuɗin nan regilata zan saya da su, mai ƙarfin da ya dace da kayan, kuma na firij ya zama mai jinkirta wuta na 'yan mintoci bayan an kawo, don matsin gas ɗin injin ya daidaita kafin ya tashi. Sai ɗabi'ar da iyayenmu mata suka fi mu riƙewa, da an ɗauke wuta ko hadari ya haɗo su ce, "Kai, je ka cire tele!" Suna da gaskiya, sai dai a haɗa har da wayar dish, don regilata ba ta tare tsawa. Abin da ya rage a ajiye shi a adashi ko a asusun waya saboda ranar gyara. Masu gyaranmu kuwa a yaba musu. Je ka bayan babbar kasuwa ka ga saurayi zaune a rumfar kwano, gabansa tulin tsofaffin alluna, madubi jingine a bango yana kallon fuskar talabijin ta ciki yayin da hannunsa ke bayanta da ƙarfen narka dalma. Fitilun da ke haska hoto ne suka mutu, ya sauya layinsu. Allon wuta ne, ya ciro na wata da ta fashe ya dasa. Ka kawo da hantsi, ka kalli wasan ƙwallon Coton Sport da ita da yamma.

Zancen mota gajere ne, don mu 'yan ta-hannu ne. Garantinmu bakanike ne da muke ɗauka mu je da shi. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya murza a yatsa, ya duba kalar hayaƙin salansa, sannan a hau hanyar Pitowa a dawo. Mai sabuwar mota daga hannun wakili lamarinsa daban. Toyota, alal misali, tana zuwa da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, da sharaɗin a riƙa yin sabis a garejinsu a kan lokaci. Ga kamfani ko ƙungiya mai motar zamani, mai giya otomatik da kwamfuta a ciki, wadda gyara ɗaya zai iya cin miliyoyin sefa, ƙarin garanti na iya zama hankali, matuƙar garejin na kusa. Amma wanda ke shan man zuwazuwa a kwalba a bakin titi, yana sauya baƙin mai a gindin bishiyar unguwa, ya san da wuya takardar ta amfane shi. Taya da birki da kuloci da shokozoba, waɗanda hanyoyinmu ke ci, dama ba sa cikin lissafi.

Inda nake da magana da mu kanmu shi ne nan. Muna ta muhawara a kan garantin da ake saye, alhali wanda yake haƙƙinmu kyauta muna barinsa a shago. Kamaru na da dokar kare mai saye, mai lamba 2011/012 ta ranar 6 ga Mayu 2011, kuma ta tanadi cewa kaya ya zo da rasit ko takardar da ke bayyana garantinsa, kayan da ake daɗewa ana amfani da shi kuma a tabbatar wa mai saye da kulawa bayan sayarwa. Tun kafin dokar ma, fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure ya ba mai saye zaɓin mayar da kayan da ya tarar da ɓoyayyen aibi a jikinsa wanda ya riga ciniki. Saboda haka rubutun nan da ake bugawa a ƙasan wasu rasitai, wai kayan da ya fita ba ya dawowa, bai kamata ya rufe wa kowa baki ba idan aibin na asali ne.

Amana tana aiki a kasuwarmu, na ga ta yi aiki. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su sauya maka kaya ba tare da ka ɗaga murya ba. Amma wa take yi wa aiki? Wanda aka san mahaifinsa, wanda ake sallah sahu ɗaya da shi. Manomin da ya karɓi kuɗin audugarsa ya taso daga ƙauyen Ngong ko Bibemi ya sayi rediyo da faifan sola, shi wa ya san shi? In ya dawo bayan mako biyu, yaron shago na iya cewa bai taɓa ganinsa ba. Haka matar da mijinta ya rasu, ta tara kuɗin adashi ta sayi firiza don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo ta ciyar da marayu. Ranar da firizar ta tsaya, jarinta ne ya tsaya, kuma ba ta da namijin da zai je ya tsaya mata a bakin shago. Irin waɗannan takarda ce kaɗai bakinsu. Idan mu da aka sani muka mayar da neman rasit abin kunya, kamar zargi ne ga mai shago, to mun sa ya yi musu nauyi su ma su nema.

Don haka in an sallama, sai a ce, "Alhaji, a taimaka a rubuta mini." Sunan kayan, lambar da ke manne a bayansa, ranar saye, wata nawa aka yarda za a karɓa in ya lalace, da hatimin shago. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, shi ma kariya ce gare shi daga wanda zai kawo masa kayan wani shagon. Rasit ɗin inji kuma, mai santsin nan, zafin Garwa na goge rubutunsa cikin 'yan watanni, don haka tun a bakin shagon a ɗauki hotonsa da waya, a tura wa ɗa ko ƙane ta WhatsApp ya ajiye.