Jagoran Mai Shirin Kwanciya Gaban Mai Allurar Sinawa

Akufanca, wato magani ta hanyar tsira siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki, tsohuwar hikima ce ta ƙasar Sin wadda littafin Huangdi Neijing ya shimfiɗa ƙa'idojinta kimanin shekara 2,000 da suka wuce, kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na bil'adama a 2010. Masananta na gargajiya suna ganin cewa wani ƙarfin rai da suke kira "ci" yana gudana ta manyan hanyoyi 12 a jiki, kuma ciwo yana tasowa ne idan gudanarsa ta toshe.

Abu na farko da ya kamaci mai zuwa wurin likitan akufanca shi ne ya ɗan taɓa abinci don kada jiri ya kwashe shi, ya bar babbar riga a gida, ya kuma haƙura da goro a wannan safiya, domin likitan zai nemi ya zaro harshe ya duba launinsa, sa'annan ya dafa jijiyar wuyan hannayensa biyu ya yi tsit yana sauraron bugunta.

Na biyu, kada ya zaci kunnen likitan ne da nauyi idan ya kai kukan ciwon kai amma aka nufi tsakanin babban yatsansa da manuni, saboda wuraren tsirawa guda 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita a 2008 sun warwatsu daga tsakar ka har tafin ƙafa.

Na uku, jarumin da ke ƙanƙame gado idan ma'aikaciyar jinya ta ɗauko sirinji ya kwantar da hankalinsa, don kuwa kaurin wannan allura kimanin rubu'in milimita ne, ba ta da rami, ba kuma a ɗura magani ta cikinta. Akan tsira masa biyar zuwa ashirin, ya ji wani nauyi-nauyi ko tsami da ake kira "deci", sa'annan a bar shi kwance tamkar bushiya na minti 20 zuwa 30. A wannan lokaci ba a susa, ba a amsa waya, ba a kuma gardamar siyasa, amma an yafe minshari. Idan ya ji ƙauri kada ya yi kururuwar gobara, busasshen ganye ne ake ƙonawa kusa da fata don a ɗumama wurin.

Inda ya dace ya tsaya kai da fata shi ne wajen tsabta, ya tabbata an ɓare allurar daga ledarta a gabansa kuma an jefar da ita bayan amfani, domin allurar da aka maimaita tana yaɗa ciwon hanta. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su sanar da likitan tun kafin a fara.

Binciken zamani ya nuna cewa akufanca takan sassauta ciwon baya, da ciwon gwiwa, da ciwon kai mai naci, gwargwadon hali kuma bayan zuwa da yawa. Saboda haka mai hawan jini ko ciwon sukari ya ci gaba da shan maganinsa na asibiti, ya kuma sanar da likitansa cewa ya fara zuwa wurin masu allura.