Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Jerin Sunayen Masu Ba da Gudummawa

Zuwa ga Mai Girma Jerin Sunaye,
Ma'ajin Lambobin Wayar Bayin Allah,
Duk inda kake cikin kwamfutocin 'yan kamfen,
Ƙasar Amurka.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ba na ma shakka, domin wanda ke aiko saƙo da asuba, ya aiko da hantsi, ya sake aikowa bayan isha'i, ba ya cikin marasa lafiya. Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya iyali, wato 'ya'yanka da jikokinka da suka bazu a hannun 'yan takara tun daga Niyok har Kalifoniya? A gaishe mini da su duka, tunda kowannensu ya san sunana, ni kuwa ban san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne kuka nake kawowa. Na san aikawa kaɗai ka iya, karɓa ba ta cikin tarbiyyarka, amma dai gara a faɗa, ko don a samu shaidu.

Ni Bahaushe ne mazaunin ƙasar nan, da takardar zama ɗan ƙasa a hannuna, saboda haka doka ta yarda in jefa ƙuri'a, ta kuma yarda in taimaka wa ɗan takara da kuɗi. A wani zaɓe da ya wuce na ji wani yana magana mai ma'ana a kan kuɗin asibiti, na tura masa dala 25. Bawan Allah ya sha kaye, ya gode wa magoya baya, ya koma harkarsa, ya manta da ni sarai, Allah ya saka masa da alheri. Kai ne ba ka manta ba.

Bari in fara da lafazinka, don nan abin ya fi ci mini rai. Ba ka taɓa yi mini sallama ba. Sai dai kawai waya ta yi ƙugi a aljihu, ina tsakiyar layi a kantin magani ko ina ƙoƙarin ajiye mota a bakin masallaci ranar Juma'a, in ciro da sauri ko wani ne daga gida, sai in ga sunana da manyan baƙaƙe, an ce wane, mun duba littafinmu mun ga ba ka ba da komai ba, ko ka koma wancan ɓangaren ne? Gobe kuma a ce wani babban sanata ne da kansa ya zauna ya rubuto mini, hankalinsa a tashe, ƙasa za ta rushe ƙarfe goma sha biyun dare in ban aiko da dala 7 ba. Na san asalin wannan sha biyun daren. 'Yan kamfen suna rufe lissafi a ƙarshen wata ko bayan wata uku su kai wa hukumar zaɓe rahoto, kowa yana so a ga jakarsa ta yi nauyi. To amma kai kowane daren Allah ƙarshen wata ne a wurinka. Ran nan ka aiko cewa wannan ne karo na ƙarshe da za ka tambaye ni. Wallahi har na yi hamdala. Kafin in gama shan shayi sai ga wani.

Sai kuma batun ninkawa. Ka ce duk dalar da na bayar akwai wani mai hannu da shuni da zai ninka ta sau biyar. Ranka ya daɗe, ina da ɗan ilimin lissafi. A zaɓen 2024 doka ba ta bar mutum ɗaya ya ba ɗan takarar tarayya fiye da dala 3,300 a zaɓe guda ba. Wane ne wannan mai alherin da zai ninka kuɗin dubban mutane sau biyar bai ƙetare wannan iyaka ba? In yana nan, me ya hana shi bayarwa ba tare da jiran dalata ba? Na bar maka wannan tambaya, na san amsarta za ta zo ranar da kaza ta yi haƙori. Takardar jin ra'ayin da kake aikowa ma na gane ta: ko na ce e ko na ce a'a, shafi na gaba roƙo ne.

Ka ce in ba na so in rubuta STOP. Na rubuta. Gaskiya ɗaya ce, lambar da na rubuta wa ta yi shiru. Kashegari sai wata ta ɓullo daga wata jiha da ban taɓa takawa ba, da sunan wani da ke neman kujerar da ban san akwai ta ba. Na rubuta masa shi ma. Na tura saƙonnin zuwa 7726, lambar da kamfanonin waya suka ware don kai ƙarar saƙon banza. Shiru kamar an shuka dusa. Sai daga baya na fahimci cewa kowane kwamiti da nasa kwafin naka, kowa sai na bi shi daban na roƙe shi ya shafa mini lafiya, kai kuwa uban gayya kana can ko a jikinka.

Wannan ya kawo ni kan babbar magana: ta ina suka samu lambata? Na bincika. Hukumar zaɓen tarayya, FEC, tana wallafa sunayen masu ba da gudummawa, amma babu lambar waya a ciki, babu adireshin imel. Doka ma ta hana kowa kwasar sunaye daga rahotonninta don roƙon kuɗi ko kasuwanci, har ta yarda kwamiti ya cusa sunayen ƙarya guda goma a rahotonsa, a yi tarko da su don kama ɓarawon sunaye. Dabara mai kyau. Sai dai ba a buƙatar sata inda ciniki ya halatta. Jerin da ɗan takara ya tara da hannunsa dukiyarsa ce. Yana iya ba da shi haya, ya sayar, ko ya yi musaya da na wani. Wanda ya faɗi zaɓe da bashi a wuyansa, sau da yawa kai ne kadarar da ta rage masa. Akwai dillalai da ba su da wata sana'a sai wannan, suna haɗa ka da rajistar masu zaɓe da bayanan da suka saya a wasu wurare, su tace, su ware wanda ya taɓa bayarwa, don shi ne mai tsada. Ashe ranar da na tura dala 25 ɗin nan ba gudummawa kaɗai na bayar ba, kaina na kai kasuwa, kuma ba a ba ni ko la'ada ba.

Na je wurin doka neman mafaka, na tarar ta san da zamanka, ta ma shimfiɗa maka tabarma. Tun 2003 akwai rajistar da mutum ke sa lambarsa don 'yan talla su daina kiransa. Na sa tawa. Mai sayar da inshora ya kiyaye, amma 'yan siyasa ba sa cikin waɗanda dokar ta ɗaure. A shekarar nan dai aka yi dokar saƙon imel, ita ma ta tsaya kan na kasuwanci, ta tsallake na siyasa. Akwai tsohuwar doka ta 1991 da ta hana a sa na'ura ta riƙa kiran wayar hannu ba da izinin mai ita ba, wannan kam ta shafi kowa. Sai aka samo mata hanya: a zaunar da mutum gaban kwamfuta yana danna maɓalli, saƙo ɗaya dannawa ɗaya, dubbai a awa guda, a ce ai hannu ne ya aika. A 2021 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Facebook da Duguid, ta ƙuntata ma'anar na'urar da dokar ke nufi, har ya zama mafi yawan na'urorin yau sun fita daga ciki. Ba na zargin kowa. Na dai lura cewa masu rubuta dokar su ne masu aiko saƙon.

Yanzu ga wadda ta fi zafi. A gida an tarbiyyantar da mu cewa kyautar da ta fi daraja ita ce wadda ba a ji ba. A nan kuwa duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200, sai an rubuta sunansa, da garinsu, da sana'arsa, da inda yake aiki, a shafin da kowa zai iya buɗewa. Wannan adadi tun gyaran dokar 1979 yake, ba a taɓa shi ba, alhali dala 200 ta wancan zamani ba ita ce ta yau ba. In kuwa ta manyan dandalin tara kuɗi na intanet mutum ya bi, ActBlue na 'yan Dimokurat ko WinRed na 'yan Rifablikan, to ko dala ɗaya ce sai an bayyana, domin doka ta ɗauke su a matsayin 'yan aike, dole su faɗi duk abin da ya bi ta hannunsu. Abin ya tuna mini da gidan biki. Ka miƙa wa makaɗi ɗan abin da ya sawwaƙa a ɓoye, sai sanƙira ya ɗaga shi sama ya kwarara: jama'a, wane ɗan wane, ma'aikacin wuri kaza, ya ba da kaza! Kafin ka koma mazauninka maroƙan wurin duk sun yi maka zobe. Bambancin kawai, biki yana watsewa.

Kada ka ce ina ƙin a bayyana kuɗin siyasa. Bayan abin kunyar Watergate aka ƙarfafa wannan doka, Kotun Ƙoli ta amince da ita a 1976, kuma dalilin mai ƙarfi ne: jama'a su san wanda ke ciyar da mai mulkinsu. Na yarda ɗari bisa ɗari. Amma wa ya taɓa sayen sanata da dala 25? Shi mai iya sayen, ai yana da ƙofarsa daban. Ƙungiyoyin da ake yi wa rajista da sunan kyautata rayuwar al'umma suna iya shiga harkar siyasa ba tare da sun faɗi masu ba su kuɗi ba, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United a 2010 harkar ta bunƙasa. Wani attajirin Shikago ya miƙa wa irin wannan ƙungiya kamfaninsa sukutum, abin da ya kai dala biliyan 1.6, duniya ba ta ji ba sai da 'yan jarida suka tono a 2022. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya da ta ba da kuɗin abincin ranarta, mai gidan hayarta da shugabanta a wurin aiki da maƙwabcin da ba sa ga maciji duk suna iya ganin ɓangaren da take. Kotun Ƙoli ta san haɗarin. A 1958 ta hana jihar Alabama tilasta wa ƙungiyar NAACP miƙa sunayen mambobinta, don ta san abin da zai sami baƙar fatar da aka ga sunansa. A 2019 ma wani ɗan majalisa daga Teksas, Joaquin Castro, ya wallafa sunayen mutum 44 na birninsu da suka ba Trump iyakar abin da doka ta yarda, aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma bai karya doka ba, a fili ya tsince su. Ga baƙo irina, mai suna irin nawa, wannan ba ƙaramin abin tunani ba ne.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya da na haƙura. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, mijinta ya rasu, da fansho take rayuwa. Wata rana ta kawo mini takardar banki in duba mata, ta ce kuɗinta na zurarewa ba ta san ta ina ba. Muka zauna a teburin kicin ɗinta, ta sa tabarau, ina bi da yatsa layi-layi. Dala 15, dala 15, dala 35, wata bayan wata, wasu ma mako-mako. Sau ɗaya ta yi niyyar bayarwa. A ƙasan shafin akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alamar amincewa, da ƙananan rubutu cewa a riƙa cira kullum, sai wanda ya gani ya cire. Ba ta gani ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, ba kuɗin take jimami ba, tambayata take ko mutanen za su ji haushinta in ta dakatar, tunda kullum suna rubuto mata da sunanta. Ba ita kaɗai ba ce. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2021 cewa kamfen ɗin Trump da jam'iyyarsa sun mayar wa masu bayarwa ta intanet fiye da dala miliyan 122 a 2020, kuma ɗaya ɓangaren ma ba a wanke yake daga wannan ɗabi'a ba. Kwamishinonin FEC shida, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, sun haɗu a watan Mayun 2021 suka roƙi majalisa ta haramta wannan akwati. Ka ga ko a nan ba ka da jam'iyya, ranka ya daɗe. Kowa naka ne, muddin yana da katin banki.

To, tura ta kai bango. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kada a ba wani sunana sai an tambaye ni, tambaya a fili, ba a binne cikin shafi goma na ƙananan rubutu ba. In na ce a daina sau ɗaya, maganar ta bi ka duk inda aka kai ka haya. A ɗaga iyakar bayyana suna ta dace da kuɗin yau, a kuma haska fitilar inda manyan kuɗi suke. Na san ba kai za ka yi ba, waɗanda za su yi kuwa da kai suke cin abinci.

Kafin nan, ga matsayina. Ƙuri'ata tana nan, zan jefa ta ranar zaɓe in Allah ya kai mu, wannan ba ruwanka. In kuma zuciya ta sake raya mini in taimaki wani, cek zan rubuta, ƙasa da dala 200, in kai gidan waya da ƙafata, kai tsaye zuwa ofishin ɗan takarar, ba lambar waya, ba imel. Daga nan duk mai son roƙona sai ya sayi kan sarki.

Wassalam.

Ni ne naka, ba da son raina ba,
Wani mai suna a cikinka.