Jagoran Sabon Baligi: Ladubban Ranar Cika Shekara 18

Ka sani, ya kai ɗana wanda Allah Ya nufa da kaiwa shekara 18 a wannan zamani mai yawan takardu, cewa ita wannan rana da ka daɗe kana ƙirga kwanakinta, kana kuma yi wa mahaifiyarka ishara da ita duk sa'ad da ta aike ka kai niƙa, rana ce mai sharuɗɗa da ladubba, waɗanda idan mutum ya jahilce su sai ya wayi gari ya ci bashin kek, ya ɓata wa kawunsa rai, bai kuwa ƙaru da kome ba face hotuna. Don haka na ga ya wajaba a kan wanda ya riga ka ganin duniya ya ɗan zana maka hanya, ko da yake na san nasihar tsoho a kunnen saurayi ba ta cika kwana ba.

Sharaɗi na farko shi ne ka tabbata ranar taka ce. Kada ka yi dariya, gama wannan mas'ala ta kayar da waɗanda suka fi ka. Idan mahaifinka yana daga cikin masu tsantseni, waɗanda suka karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa suka adana ta a ƙasan adaka tare da rasit na rediyo, to ka huta. Idan kuwa babu, sai ka nufi ɗakin kakarka, ka durƙusa, ka yi tambaya cikin ladabi, ita kuma za ta ba ka amsa irin ta masana tarihi, ta ce ai a shekarar da aka yi ƙidaya aka haife ka, kana goye rana ta yi kusufi har kaji suka shiga akurki. Wannan ruwaya ingantacciya ce, domin an yi ƙidaya a watan Maris na 2006, ranar 29 ga watan kuma duhu ya rufe Katsina da Maraɗi da hantsi. Mai irin wannan kaka ya cika 18 tun wajejen 2024, sai dai ya yi ramuwa. In sunanka Ɗanladi ko Ɗanjuma ka sami ranar mako, in Ɗan'azumi ne ka sami wata, saura kuwa sai ka je kotu ka yi takardar rantsuwar shekaru. A can za ka tarar jama'a da yawa sun yi ittifaƙi a kan 1 ga Janairu, har mai nazari ya ɗauka ungozomomin ƙasar nan ba su taɓa runtsawa a wannan dare ba. Abin da nake gargaɗinka da shi kawai, ka tsaya a kan ranar haihuwa guda, kada ka bi sahun masu uku: ta makaranta, da ta ƙwallo, da wadda ake tanada domin aikin gwamnati.

Sa'an nan, kafin girman kai ya kama ka, ya kamata ka ji abin da malamai za su ce, domin su a wurinsu gwamnati ta makara ƙwarai. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka a lissafin wata ka cika 18 tun wata shida da 'yan kwanaki da suka wuce, ba wanda ya yanka maka ko zakara. Bal ma, taklifi bai jira wannan adadi ba: tun ranar da alamomin balaga suka bayyana gare ka ka zama mukallafi, alƙalami ya fara aiki a kanka, sallar Asuba ta zama bashi a wuyanka ko sanyin hunturu ya kai ina. Mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne, wanda alamomi ba su bayyana gare shi ba a kan hukunta masa balaga idan ya cika 18, Shafi'iyya kuwa suka tsaya a 15. Kuma fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin balaga da rushdi, wato iya tattalin dukiya, har suka ce safihi ba a sakar masa dukiyarsa ko da gemunsa ya taɓa ƙirji. Ka riƙe wannan, za ka bukace shi da la'asar idan abokai suka fara kiran sunanka da kirari a gaban mai tsire.

Game da shi kansa bikin, akwai saɓani: wasu malamai na ganinsa koyi da baƙin al'adu, wasu na ganinsa al'ada ce mubaha muddin ba a cuɗanya ta da saɓo ba. Ni ba zan raba wannan gardama ba, kai ma kada ka shiga, musamman da kawunka wanda ya yi karatun zaure. Ka tashi da sassafe ka gaida iyaye, ka nemi albarka, ka sayi ƙosai ko waina a raba wa almajirai da maƙwabta, ka ce sadaka ce ta godiya. Da wuya ka sami mai jayayya da sadaka, kuma wanda bakinsa ke cike da waina ba ya iya kafa hujja.

To, yanzu ga haƙƙoƙinka, waɗanda ka ji ana ta kururutawa. Mafi girmansu shi ne ƙuri'a. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk ɗan ƙasa da ya kai 18 ikon yin rajista ya zaɓi shugabanni, kuma kada ka ɗauki abin da wasa, domin a Jamhuriya ta Farko sai mai 21 ke jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa, duk da gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba, ba su sami wannan dama ba sai a cikin shekarun 1970. Amma kada ka saɓa babbar riga ka nufi rumfar zaɓe ranar haihuwarka, don ba za ka tarar da kowa ba sai awaki. Zaɓen gama-gari shekara huɗu huɗu ake yinsa, rajista kuma tana da lokutan da hukumar zaɓe ke buɗe ta. Idan lokacin ya zo, ka yi sammako, ka tafi da ruwa a gora da haƙuri a zuci, ka kuma daidaita fuskarka kafin a ɗauki hoto, gama wannan fuska ita za ta wakilce ka a jikin kati shekara da shekaru, alhali mai ɗaukar hoton ba ya cewa a sake. Daga ranar da katin ya shiga aljihunka za ka ga abin al'ajabi: mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarka ba za su fara kiranka manyan gobe, su tambayi lafiyar mahaifiyarka, wani ma ya aiko mata da atamfa mai hotonsa.

Sai dai ka lura da hikimar masu doka, waɗanda suka yarda hankalinka ya isa ka zaɓi shugaban ƙasa, amma ba su yarda ya isa a zaɓe ka ba. Ko bayan gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018, wanda ya sassauta wa matasa shekarun takara, sai ka kai 25 kafin ka nemi kujerar majalisar jiha ko ta wakilai, sai 35 kafin ka nemi shugabancin ƙasa. Haka nan Dokar Filaye ta 1978 ta hana gwamna ya ba wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili da sunansa kai tsaye. Ashe girman nan ba a dunƙule ake miƙa shi ba. Kamar naman layya ne a gidan yawa, yau a ba ka hanta, gobe ƙafa, cinya kuwa sai manya sun ƙoshi.

Haƙƙi na biyu, wanda na san shi ne ya hana ka barci, lasin tuƙi ne. Doka ta halatta maka shi daga 18, da sharaɗin ka bi ta makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ka sami takardar koyo, jami'an duba motoci su jarraba ka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da dokar ta yi shiru a kansa shi ne motar, domin na duba ban ga sashen da ya wajabta wa Alhaji ya miƙa maka makulli ba. Hanyar da magabata suka bi ita ce ta wanke motar kullum da safe har wata uku ba tare da an ce ka yi ba, sa'an nan ka nemi izinin gyara mata tsayuwa a ƙofar gida, sa'an nan ka yi tayin kai Hajiya unguwa, wanda ke nufin zaman sa'a huɗu a ƙofar gidan suna kana korar yara daga jikin madubi. Wanda ya jure wannan ya cancanci makulli. Wanda kuwa ya ɗauke shi a ɓoye ranar bikinsa don ya burge abokai, to ya sani turakun lantarki ba su san ranar haihuwar kowa ba.

Akwai waɗansu ƙananan haƙƙoƙi da zan ratsa da sauri. Kana iya buɗe asusun banki da sunanka ba tare da waliyyi ba, ka kuma ɗanɗani zaƙin saƙon da ke shaida maka an cire kuɗin kula da asusun da babu kome a cikinsa. Kana iya zama daraktan kamfani, tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum guda ya yi wa ƙaramin kamfani rajista, ka zama kai ne shugaba, kai ne ma'aji, kai ne masinja. Kana iya neman shiga aikin soja ko na ɗan sanda. Dokar taba ta 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai 18 ba, wato yanzu mai tireda ba zai yi laifi ba in ya sayar maka. Amma huhunka bai karanta dokar ba, hancin mahaifiyarka kuma ya fi na kowane jami'i kaifi. Mafi alherinsu duka a ganina shi ne ba da gudunmawar jini, wanda a kan karɓa daga mai 18 lafiyayye da nauyinsa ya kai kilo 50. Ka je asibiti ka miƙa hannu, ka fito da lada da kwalbar lemo, ka kuma sami uzurin kwanciya yini guda wanda babu mai iya kushe shi.

Wajibi ne in ambaci wata kyauta da ke zuwa a ƙunshe cikin sauran, wadda ba a buga mata kalangu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta kira duk wanda bai kai 18 ba yaro, da rangwamen da ke tattare da wannan suna. Daga yau rangwamen ya ƙare. Kalmar nan mai albarka, "ku yi haƙuri, yaro ne," wadda ta fisshe ka ranar da ƙwallonka ta fasa gilashin maƙwabci, ta daina aiki a gaban alƙali. In ka sa hannu a takarda kai za a nema, in ka tsaya wa aboki lamuni ƙofarku za a ƙwanƙwasa. Gidan yari kuma, ko da yake tun 2019 aka sauya masa suna ya koma gidan gyaran hali, ban ji an ce an sauya masa tabarma ba.

Amma fa kada wannan ya hana ka shagali. Idan kana Kano, ka tara abokanka bayan la'asar ku hau Dutsen Dala, ka tsaya a ƙololuwa ka dubi birnin da yanzu kake da ƙuri'a guda a cikinsa, ka nuna da yatsa unguwar da za ka gina gida in ka kai 21. Hawan kyauta ne ga ƙafafu, kuma yana rage wa abokai ƙarfin ci, ko da yake wasu sun ruwaito akasin haka. In kana da hali ka yi hayar doki ku yi kilisa, da sharaɗin ka zaɓi tsohon doki mai natsuwa, domin ba a son sabon baligi ya fara amfani da girmansa a wurin mai ɗori. In aljihu ya yi nauyi ƙwarai, Yankari na nan a jihar Bauchi da ruwan ɗumin Wikki, sai dai ka riƙe ledar abincinka da kyau saboda gwaggon biri. Wajen gayyata kuwa ka yi taƙawa: duk wanda ka kira zai zo da mutum biyu, ɗayansu ba ka taɓa ganinsa ba, shi ne kuma zai fi kowa sanin inda aka ajiye kilishi. Ka yi ciniki da mai tsire tun kafin a zauna, ka faɗa masa adadin tsinke a gaban shaidu, ka kafa masa sharaɗin kada ya saurari kowace murya sai taka. Kek kuwa a yanka shi da wuri, kafin zafin gari ya narkar da sunanka da aka rubuta a kansa. Zoɓo da kunun aya su wadata, don su ne ke cika cikin da nama ya gaza cikawa.

Ke kuma 'yata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, ƙuri'a da lasin da asusu, babu ragi. Abin da ya keɓanta da ke shi ne, daga yau gwaggonninki za su fara yi miki wata irin gaisuwa mai dogon wutsiya, wadda ke farawa da yaya karatu ta ƙare da yaushe za mu sha biki. Amsar da ta fi aminci ita ce ki sunkuyar da kai ki ce, "Gwaggo, a taya mu da addu'a," sa'an nan ki miƙa mata babban yankin kek. Hotuna kuma ki ɗauka tun lallen bai dushe ba, amma ki tuna duk wanda kika ɗora a WhatsApp, Yaya Babba zai gani kafin ƙawayenki.

Idan an yi sallar Isha, taro ya watse, za ka iya jin waswasi yana raya maka cewa mutum mai katin zaɓe ba a kafa masa lokacin komowa gida. Ka nemi tsari daga wannan tunani. Gidanku yana da nasa kundin, wanda ba a rubuta ba, ba a kuma yi masa gyara a majalisa, kuma a ƙarƙashinsa ana sa wa ƙofar zaure sakata da ƙarfe 10, ko wane ne a waje. In ka ce da Alhaji, "Baba, ai yanzu na girma," zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Madalla, ashe daga wannan wata kuɗin wuta ya sami mai biya." Saboda haka tun da rana ka keɓe yanki mai kauri na kek da tsire tsinke biyu, ka naɗe a takarda, ka damƙa wa ƙaninka wanda ke kwana kusa da zaure, ku yi yarjejeniya a kan irin ƙwanƙwasar da zai gane, ka biya shi rabi kafin ka fita, rabi sai ya zare sakata.