Ya Saki!

Har yanzu tafin hannuna na dama yana zogi, amma ba shi ya dame ni ba. Yaran layinmu ne suka dame ni. Tun jiya, da na leƙo ƙofar gida sai ɗayansu ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya saki!" sauran su kwashe da dariya.

Roba-robata ce ta jawo. Tsohuwar Honda ce da na gada wurin kawuna, irin wadda Japanawa suka fara ƙerawa tun 1958, kuma har yau ba ta san gajiya ba. An ce mini akwai 'yar raga mai tace baƙin mai a bayan murfin inji na dama, wajen kuloci, sai an riƙa wanke ta. Na ce wannan ai bai kai a je gareji ba. Na juye mai, na cire kik, sukurori suka riƙa fitowa salin-alin, sai ɗaya na can ƙasa, wanda ya sha taɓon damina shekara da shekaru. Shi ya ce yana nan daram.

Kafin in share gumi, Baba maƙwabcinmu ya jawo kujerarsa da rediyonsa ya zauna a kaina. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma a wurinsa wannan ya isa shaidar sanin duk wani abu mai ƙarfe, ko da yake kowa a unguwa ya san tikiti ya sayar har ya yi ritaya.

"Ɗan nan, hagu ake juyawa," in ji shi.

"Hagun nake juyawa, Baba."

"Hagunka ko hagun babur?"

Ban amsa ba. Na ɗauko babbar sukundireba mai kan sita, na kafa ta, na damƙe ƙotarta da filaya, na jingina ƙirji a kanta. Yara sun taru. Mai shayi ya baro tebur. Uwargida tana leƙe ta bayan labulen zaure. Na yi bisimilla, na tattara duk tuwon da na ci a makon, na murɗa.

Ta juya.

Wallahi ta juya. Nauyin nan da na yi ta kokawa da shi ya ɓace lokaci guda, hannuna ya tafi sulul. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa. Na ɗago kai na dubi jama'a, na dubi Baba musamman, na ɗaga hannun hagu sama na ce da ƙarfi, "Ya saki!" Yara suka tafa. Mai shayi ya ce barka. Ni kuwa na ci gaba da juyawa ina murmushi, har da ɗan kaɗa kai irin na wanda ya saba. Na juya, na sake juyawa. Sai na lura da wani farin gari mai ƙyalli yana zuba a kan babban yatsan ƙafata.

A nan nake tsayawa duk lokacin da abin ya dawo mini, kuma daren jiya ya yi ta dawowa. Tsakanin ganin garin nan da zare sukundireba akwai ɗan lokacin da ni kaɗai na sani. Murmushin yana nan a fuskata, ban san inda zan ajiye shi ba. Hannuna bai daina juyawa ba, don in ya tsaya kowa zai gane. Har na yi tunanin in ci gaba da juyawa a haka zuwa magariba, kowa ya tafi masallaci. Da na zare, sai ga kan sukurun: layukan nan huɗu sun tafi, ya koma rami sumul kamar cikin ludayi. Sukurun kansa ko gezau. Shiru ya sauka, sai wani ƙaramin yaro ya tambaya, "Kawu, ina wanda ya sakin?"

Baba ya rage muryar rediyo. "Dama na ga alama," in ji shi. "A kawo Coca-Cola."

Na aiki yaro. Baba ya karɓi kwalbar da kansa, ya ce sanyinta ya yi daidai, ya ɗiga kaɗan a kan sukurun, ya ce in aka cika ƙarfe yakan ƙware. Sauran ya shanye a hankali, yana yi mini bayanin yadda ake kwance layin dogo. Gaskiya akwai ɗan sinadari mai tsami a lemon da ke cin tsatsa in an jiƙa ƙarfe a ciki ya daɗe. Amma namu ko zaren sukurun bai kai ba, ya gangara ƙasa ya tara mini ƙudaje da kiyashi.

Daga nan ya ce a kunna wuta a gasa wurin. Wannan ma ba ƙarya zalla ba ce: alminiyon ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, kusan ninki biyu, don haka ramin yakan ɗan saki. Sai dai Baba da tsumma da kananzir yake nufi, ga tankin fetur a sama. Mai shayi ya ja da baya, uwargida ta yi gyaran murya daga zaure, aka bar maganar. Ya ce to a tofa masa yawun wanda bai karya ba. Duk mun karya. Ya ce a buga tayar baya don jijjigar ta isa gaba. A ƙarshe ya gyara hula ya ce, "Ka ƙyale shi, ɗan nan. Wanda ya ɗaure shi ya san dalili."

Da la'asar na tura babur zuwa gareji, Baba na biye da ni da rediyonsa. Bakaniken, yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, ya ɗauki ɗaya daga cikin sukurorin da suka fito lafiya ya nuna mini wani ɗan ɗigo a gefen kan. Ya ce alamar ma'aunin Japan ce. Sukundirebata ta Amurkawa ce, ƙirar Phillips, bakinta a tsuke, kusurwoyinta a lanƙwashe. Ba ta zama daram a sukurun Japan, in an matsa sai ta hauro tana cin kan. Ga shi kuma ƙarfe in ya daɗe cikin alminiyon da danshi, sai farar tsatsa ta liƙe su. Da ma tun farko aka sa sukundireba mai guduma, wadda bugu ɗaya ke danna ta ciki ya murɗa ta tare.

"Yallaɓai, ɗan matsa."

Ya ɗiga man birki, ya kafa kurfi a gefen kan sukurun a karkace, ya ba shi guduma. Ƙyas! Ya ƙarasa shi da yatsu biyu, ya ɗora mini a tafin hannu.

Baba ya leƙo, ya gyaɗa kai. "Ka ga aikin Coca-Cola," in ji shi. "Da kwalba biyu ka sayo, da ba mu zo nan ba."