Ɗinkin Sallarku Na Cikin x da y

Masu cewa x da y ba su taɓa saya wa kowa ko ƙullin gishiri ba, ku matso kusa, yau da ku nake. Wane ne a cikinku ya je Idi bara da tsohuwar riga, yana tsine wa tela a zuci? Alhaji, daina sunkuyar da kai, mun gan ka.

Mu ƙaddara saura kwana 10 Sallah, telanka na aikin awa 8 kullum, awa 80 ke nan. Kaftani na cin awa 4, babbar riga awa 10. Kira yawan kaftani x, babbar riga y: 4x + 10y ≤ 80. Wannan alamar da kuke harara cewa kawai take yi, kada ya wuce nan. Shi kuwa gogan ya karɓi kaftani 15 da babbar riga 6, aikin awa 120, kowa ya zo sai "gobe in Allah ya yarda". Awa 40 ɗin da suka yi sama, su ne kwana 5 da ka yi kana sintiri bayan Sallah.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Malam, ai ko awa 80 ɗin ƙarya ce, ana ɗauke wuta." Madalla! Ka shiga ajin ba ka sani ba. Gano abin da ke ɗaure hannun tela shi ne aikin, rubuta alamar ba wuya. Wuta tana da layinta. Mai surfani da ba ya gama fiye da wuya ɗaya a yini yana da nasa, y ≤ 10, ko da yake wannan bai matsa ba tunda lokaci ya riga ya tsayar da mu a 8. Ga azumi, bayan Azahar ƙafa ba ta taka keke kamar da safe. Kuma takarda ba ta da kunya: bayan kaftani 3 za ta ce a ɗinka babbar riga 6.8. Wa zai sa guntuwar? Kai?

Irin wannan lissafi Leonid Kantorovich ya yi wa masana'antar katako a Leningrad a 1939, ya kai shi ga kyautar Nobel a 1975.

Ku dai ba Nobel nake nema muku ba. Bana ku kai shaddarku tun watan Sha'aban.