Taura Biyu a Ƙafar Dama

Tsaya, Malam, kada ka juya shafin tukuna. Na ga yadda ka taɓe baki. An ce maka akwai direbobin da ke taka birki da totur lokaci guda, da ƙafa ɗaya, kai kuma har ka yanke hukunci: ko dai ba su iya tuƙi ba, ko kuma motar ba tasu ba ce. Ka ce taura biyu ba ta taunuwa? Ai wannan a baki ne. Ƙafa ba ta da haƙori, karin maganar bai shafe ta ba.

Tunda kai ka tsokano, bari mu fara da taka ɓarnar. Kana tafe a lamba uku, ga kwana ta taso. Ka taka birki, ka danna kuloci, ka jawo giya lamba biyu, ka saki kuloci. Sai injin ya yi wani gurnani, motar ta dungura gaba, Hajiya da ke gefenka ta kusa gaisawa da gilashi da goshinta. Ta harare ka, kai kuma ka harari motar. Ka ce halinta ne? Kai, ji sharri! Baiwar Allah tana zaman zamanta ka ɗora mata jakar tsaba.

Ga abin da ya faru. A ce kana gudun kilomita 60 a awa, injinka yana juyi 2,500 a minti a lamba uku. A wannan gudun dai, lamba biyu tana neman juyi wajen 3,700, ko sama ko ƙasa kaɗan gwargwadon motar. Kai kuwa da ka ɗage ƙafa daga totur ka danna kuloci, injin ya samu sarari, ya kama gangarowa wajen 800 ɗin da yake yi idan mota na tsaye. Tayoyi na neman kusan dubu huɗu, inji yana hamma a dubu ɗaya da 'yan kai. Wa zai cike giɓin? Tayoyin ne za su fizgo shi da ƙarfin tsiya ta cikin faifan kuloci. Dungurin da ka ji ke nan, faifan kuma shi ke shan gugar.

Maganin bai kai a kira taro ba. Kafin ka saki kuloci, ka ɗan tsikari totur, injin ya tashi ya tarar da tayoyi a inda suke. Shi ke nan. Sai dai ƙafar dama tana kan birki, ta hagu tana kan kuloci. Ta ukun fa? Leƙa ƙasa ka duba, ina jiran ka. Babu ko? To daga nan masu tseren mota suka fito da dabarar da suke kira dunduniya da yatsa: ƙafar dama ta yi aikin mutum biyu a albashin mutum ɗaya.

Matso ka gani da kyau. Tudun nan na tafin ƙafa da ke ƙarƙashin babban yatsa, shi ke kan birki, yana dannawa. Ƙafar hagu ta shige da kuloci. Hannu yana hanya tsakanin uku da biyu, sai idon sawun dama ya ɗan murɗa, gefen ƙafar ko dunduniya ya doki totur sau ɗaya, fum! Allurar agogon inji ta yi tsalle. Giya ta faɗa. A saki kuloci kafin allurar ta sauko. A ƙafar gwani duk wannan ba ya cika daƙiƙa guda, kuma birki bai ma san an yi ba.

Ka ce birki na ja baya, totur na ja gaba, za a raba mota gida biyu? Haba Malam, ina ka baro kuloci? Muddin yana ƙasa, inji da tayoyi ba sa tare. Injin ya yi yaji ne, tsikarin totur ɗin nan kuwa biko ne: ana lallaɓo shi ya dawo ɗakinsa da fara'a, ba a jawo shi ƙiii yana turjiya a gaban maƙwabta ba. Wutar da ka ba shi ba ta isa taya ba, balle ta yi faɗa da birki.

Ga wani can a baya yana ta zumuɗi, ya ce ashe an samu hanyar tsayar da mota da wuri. Zauna, ɗan samari, kai ma ka faɗi. Dabarar nan ba ta rage maka ko taku ɗaya daga nisan tsayawa. Birki ke tsayar da mota. Giya kuwa ana sauko da ita ne don idan an gama kwana a samu ƙarfin fita. Wanda ya mai da kuloci birkinsa ya yi mugun ciniki, don takalmin birki ana cire taya a canza shi kafin shayi ya huce, faifan kuloci kuwa sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

Yanzu ka gyara zama ka jefo babbar hujjarka: shekara da shekaru kana tuƙi, ba ka taɓa buƙatar wannan rawar ƙafa ba. Na yarda. Kada ka yi murna, rabin yarda ce. Zuwa kasuwa da kai yara makaranta, ka gama birkinka, ka matsar da ƙafa ka ba ta wuta, ka sa giya, babu wanda zai kama ka. Gidan dabarar nan filin tsere ne, inda mutum ke jinkirta birki har sai kwana ta zo masa iya wuya, ba shi da daƙiƙar da zai ɗaga ƙafa. Kuma can kuskuren ba ya tsayawa a goshin Hajiya. Idan aka taka birki da ƙarfi, nauyin mota yana komawa gaba, baya ya yi sakayau. In motar da tayoyin baya take tuƙawa, ka sakar musu injin da ke barci, sai su ɗan cije, bayan motar ya zame ya nemi wuce gabanta. Fijo 504 ɗin nan da aka yi ta haɗawa a Kaduna irinsu ce, da baya take turawa, kuma irinta Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, cikin ƙura da taɓo. Golf da gaba take ja, ita galibi dungure ka kawai za ta yi. Amma a kan jiƙaƙƙen titi ko burji mai tsakuwa, ko ita ba ta son a yi mata ba-zata ana tsakiyar kwana.

Ka ce ai sai mai takalmin tsere na musamman? Nemi bidiyon Ayrton Senna, ɗan Burazil ɗin da ya zama zakaran duniya na Formula 1 a 1988 da 1990 da 1991, yana zagaya filin Suzuka na Japan da Honda NSX. An kafa kyamara a ƙafafunsa. Me ya sa? Sau-ciki da farar safa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ka kalli ƙafar damar nan tana lilo tsakanin birki da totur, ka dawo mu yi maganar takalmi. Abin da ake so tafi mara kauri, wanda zai kama ƙafa. Silifas ɗinka na wanka kuwa, don Allah ka bar shi a bakin rijiya.

Ka ce tsoffin direbobin gingimari sun riga su Senna sanin wannan? Yawwa, yau ka faɗi abin da za a rubuta. 'Yan'uwan juna ne, amma ba tagwaye ba. Tsohuwar giyabos ba ta da zobban da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, shi ya sa direba ke taka kuloci sau biyu: kuloci, firi, saki, wuta, kuloci, giya. Wanda bai iya ba, duk tasha sai ta ji ƙarar. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fara sa waɗannan zobba a motocinsa a 1928, yau kuwa kowace ƙaramar mota mai giyar hannu tana da su. Nan kuma mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ganin tunda giya ta shiga ba ƙara, komai ya daidaita. Ina! Zobban cikin giyabos kaɗai suke sulhu. Tsakanin inji da tayoyi babu ruwansu, wannan shari'ar ƙafarka ce.

To, ka sauko, ka ce a koya maka. Madalla, amma ba cikin 'yan adaidaita sahu ba. Nemi miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa, ka fara da rabin aikin: babu birki sam, daga huɗu zuwa uku, kuloci, tsikari, giya, saki, har kunnenka ya gane yawan wutar da ake so. Ta yi kaɗan, mota ta dungura. Ta yi yawa, ta zabura. Sannan ka faka, ka ja birkin hannu, giya a firi, inji na aiki, ka ɗora ƙafa a birki kana laluben totur da gefenta. A nan za ka gane ko kai na dunduniya ne ko na gefen ƙafa. Motocin da totur ɗinsu ke kafe a ƙasa, irin na BMW, sun fi karɓar dunduniya. Wanda ke rataye daga sama, gefen ƙafa ya fi kai masa.

Sai haɗawa, kuma a nan ake jin kunya. Kowa hankalinsa na kan totur, don shi ke da amo, shi ke sa yaran unguwa su waiwayo. Alhali jarrabawar duk a birki take. Da ƙafa ta murɗa, sabon shiga ko dai ya ƙara danna birki motar ta yi tsugunne, ko ya sassauta ta sulale gaba. Gwani shi ne wanda nauyin ƙafarsa a kan birki bai canza ba tun daga farko har ƙarshe. Don haka kaso mafi tsoka na tafin ƙafa na birki ne, totur ya samu ragowa. In abu ya rikice, manta da tsikari, riƙe birkinka. Ga kuma abin haushi: a tafiyar lallaɓawa ya fi wuya, don birkin da aka taɓa sama-sama yana tsaye can sama da totur, sai an danna shi sosai suke zuwa kafaɗa ɗaya. Wasu motocin zamani ma da kwamfutarsu ta ji birki da totur tare sai ta yanke wutar, ta bar ka kana ta murɗa ƙafa a banza.

Ka ce zamani ya wuce wurin? Wannan kam ka kusa kayar da ni. Tun 1989 Ferrari ta kawo motar Formula 1 da ake canza mata giya da yatsu a bayan sitiyari, Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Burazil, kuma direbobin gasar na yau da ƙafar hagu suke taka birki. Nissan 370Z ta 2009 ta zo da giyar hannu mai tsikarar totur da kanta, daga baya Toyota da Honda suka sa irin wannan a wasu motocinsu. Duk gaskiya ne. Yanzu fita ƙofar gida ka duba wadda ka faka a gindin darbejiya, ka nuna mini maɓallin.

Saura gargaɗi ɗaya, kuma wannan ba wasa a ciki. Birki ne farko, giya daga baya, sai gudu ya sauko inda ƙaramar giyar za ta iya ɗauka. Na'urar da ke hana inji wuce jan layi mai kawai take yankewa, ba ta da iko a kan tayoyin da ke juya shi dole. Ka jefa lamba biyu kana gudun 120, allura ta haure ja, fistin ya iya cim ma bawul, kuma babu tsikarin da zai cece ka. Ka ce kai dai gobe daga biyar za ka dire biyu, don a san ka karanta? Bismillah. Amma ka fara faɗa mini garejin da kake kai gyara, in riga kowa zuwa yi wa bakaniken barka.