Ranka Ya Daɗe, Ma'ajin Gajimare

Ranka ya daɗe, Ma'aji! Gaisuwa da jinjina ga mai rumbun da ba ya cika, mai karɓar ajiya ba dare ba rana, ba ya neman shaidu, ba ya jiran tukuici. Na zo yi maka godiya ne a madadin 'yan'uwana masu waya a aljihu, waɗanda suka damƙa maka hotunan 'ya'yansu da takardun filayensu da sakamakon gwajin asibiti, kuma da yawansu ba su ma san sun damƙa ba. Alherin da aka yi wa mutum ba da saninsa ba, in an yi shiru a kansa ai an yi butulci.

Da kyautarka zan fara. A ƙofar Google kowane baƙo yana samun gigabait 15 ba ko sisi, a ta Apple 5, a ta Dropbox 2. Duk girman Kasuwar Dawanau ban taɓa jin mai sito ya ce wa manomi zo ka jibge buhunanka kyauta ba. Magabata sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, to amma su ba su riski zamaninka ba. Shekaru ka yi kana cewa a zubo hotuna a Google Photos ba iyaka. Sai da kowa ya kwaso kayan ɗakinsa kaf ya kawo, komawa da su ta gagara, sannan ranar 1 ga Yunin 2021 ka kafa mudu a bakin ƙofa. Wannan haƙuri naka, maharbi ma sai ya zo ya koya.

Ga kuma iya zaɓen suna. Gajimare! Wanda ya ji sai ya ɗauka kayansa na can sama suna shawagi, inda hannun ɗan Adam ba ya kai. Da ka fito fili ka ce "kwamfutar wani", da tsofaffinmu sun yi turjiya. Alhali kuwa gine-gine ne manya a doron ƙasa, maƙare da kwamfutoci, suna shan wuta da ruwan sanyaya, irin waɗanda suka cika arewacin jihar Virginia ta Amurka. Suna da ƙofa, suna da masu gadi, suna da ma'aikata masu idanu, kuma dokar ƙasar da ta haifi kamfanin tana bisa kansu.

Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, goro yake sayarwa, kuma a unguwarsu shi ake ba ajiya. Mahaifiyata ta ba ni labarin wani mutum da zai tafi Makka ta ƙasa, ya kawo masa ƙulli a cikin tsohon saƙi, an ɗaure bakinsa da igiyar rama. Kaka ya sa a adaka ya tura ƙarƙashin gado. In damina ta wuce sai ya fito da ƙullin ya shanya a rana saboda gara, a ɗaurensa, ya mayar. Shekara 7 ana haka. Ranar da Alhajin ya dawo, ɗaurin da ya yi da hannunsa shi ya tarar. Dubi irin wannan sakaci, ranka ya daɗe! Shekara 7 da kaya a ɗakinka ba ka san abin da ke ciki ba. Kai kuwa ba ka da wannan lalaci. Ƙullin da aka kawo maka da safe, kafin azahar na'urorinka sun kwance shi, sun ƙirga fuskokin da ke ciki, sun san garin da aka ɗauki hoton da ranar da aka ɗauka.

Kada a zalunce ka, kana sa kwaɗo. Ana dagula bayanan tun suna kan hanya, ana dagula su a inda suke kwance, ta yadda wanda ya tsinta ba zai iya karantawa ba. Sai dai mabuɗin yana rataye a ƙugunka, kamar mai gidan haya da ya riƙe makullin kowane ɗaki don kada 'yan haya su wahala da ɗauka.

Wani uba a birnin San Francisco ya ɗanɗani wannan kulawa. A watan Fabrairun 2021, lokacin annobar korona, ɗansa ƙarami ya kumbura a al'aurarsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce a turo hoto likita ya gani kafin a yi magana ta bidiyo. Uban ya riga ya ɗauka da wayarsa, aka tura, likita ya rubuta magani, yaro ya warke. Amma wayar ta riga ta haura da hoton rumbun Google. Bayan kwana 2 aka rufe asusunsa, aka kai rahotonsa a matsayin mai cin zarafin yara. Babu mai hankalin da zai ce kada a farauci masu cutar da yara, ni ma uba ne. To amma 'yan sandan birnin sun bincika, sun karanta abin da ke asusun, sun ce babu laifi. Duk da haka, har lokacin da jaridar New York Times ta buga labarin a Agustan 2022, kamfanin ya tsaya a kan bakansa. Saƙonnin imel na fiye da shekara 10, lambobin abokan hulɗa, hotunan shekarun farko na ɗan nasa, har da layin wayarsa, duk sun tafi. Allah ya ja zamaninka, alƙalin da 'yan sanda suka wanke mutum shi bai wanke ba! Kai ne mai ajiya, kai ne ɗan doka, kai ne mai yanke hukunci, kuma ɗaukaka ƙara ma wurinka ake kawowa. Sauƙin shari'a ya kai nan?

Biyayyarka ga na gaba kuwa abin koyi ce. A watan Yunin 2013 Edward Snowden ya fito da takardun da suka nuna shirin PRISM, wanda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ke karɓar bayanan mutane ta cikinsa daga kamfanoni irin su Microsoft da Yahoo da Google da Facebook da Apple. A Maris ɗin 2018 Amurka ta yi dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta ce kamfanin Amurka zai miƙa abin da aka nema da umarnin shari'a ko a wace ƙasa ya ajiye shi. Ke nan takardar gadon wata tsohuwa a Zinder ko Gusau ta samu shiga ƙarƙashin dokar Amurka ba biza ba fasfo, ba ta zaɓi kowa a can ba, ba ta san sunan alƙalin ba.

Ka san yadda ake ƙera kwaɗon da kai ma ba za ka iya buɗewa ba, wannan kam na shaida. Kunyarka ce ta sa ba ka tallarsa. WhatsApp ya kulle hira daga waya zuwa waya tun 2016, amma kwafin hirar da ake ajiyewa a rumbu bai samu irin wannan kulli ba sai a Oktoban 2021, shi ma sai wanda ya tona cikin saituna ya kunna da kansa. Apple ya fito da nasa a ƙarshen 2022, shi ma a kashe yake zuwa. Da gwamnatin Birtaniya ta nemi a yi mata ƙofar baya, a Fabrairun 2025 sai kamfanin ya janye kwaɗon ɗungurungum daga hannun mutanen ƙasar. Abin da zai haura da kayan mutum a kunne kake sayar da shi, abin da zai kare mutum a kashe. Tsari ke nan na wanda ya san abin da yake yi.

Rabon kayan mutane ga mabuƙata ma ba a bar ka a baya ba. Ɓarayi sun shiga Dropbox a 2012, sai a 2016 duniya ta ji cewa asusu miliyan 68 ne abin ya shafa. Na Yahoo a 2013 aka yi, sai a 2017 aka amsa cewa duka asusu biliyan 3 ne. A Nuwamban 2019 wasu da suka nemi sauke hotunansu daga Google sun samu gyara, bidiyoyin mutanen da ba su taɓa gani ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ji masu iya magana. Bambancin kawai, kai da sunan tulu ka sayar mana.

Za ka ce ai an yarda, kowa ya latsa "na amince". Haka ne. A nan zan ajiye gangar, domin abin da ke tafe a gidanmu ya faru, kuma har yau in na tuna zuciyata tana ƙuna.

Gwaggona mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Babban ya aiko mata da babbar waya, ta kai wata kasuwar waya a saita mata. Yaron shagon ya buɗe mata asusu, shi ya zaɓi kalmar sirri, ya rubuta a bayan kwalin wayar, ya sa lambarsa a gurbin lambar da ake dawo da asusu in an manta. Duk shafin Turancin da ya fito ya latsa mata yarda, ta biya shi, ta sa masa albarka. Shekara 2 duk abin da wayar nan ta ɗauka yana haurawa: takardar gida, katin asibiti, da hotunan autarta a ƙuryar ɗaki tana gwada kayan lefe, kai ba ɗankwali, tana dariya da ƙawayenta. Saura wata ɗaya biki sai ga saƙo daga baƙuwar lamba, da hoton yarinyar, da cewa a turo naira dubu 50 ko dangin ango su gani.

Da na je na same ta zaune a bakin gado, wayar na kan cinyarta a kife. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ni fa wayar nan ba ta taɓa kwana a wani wuri ba sai ƙarƙashin matashina. Ta ina ya shiga?" Na ce, "Gwaggo, ba wayar ya shiga ba." Na yi ta neman kalmar da zan gaya mata cewa abin da take tsaro da ranta kwafi ne kawai, akwai wani a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk mai riƙe da abin da aka rubuta a bayan kwali. Wannan mata ta san rufin asiri fiye da duk injiniyoyinka. Ta yi abin da ta sani, ta yi shi daidai. Yaron shagon maci amana ne, Allah ya isa. Amma wa ya ƙera abin da ke kwashe hotunan ƙuryar ɗaki ya fitar da su ba tare da ya tambayi mai ɗakin da harshen da take ji ba?

Akwai masu butulce maka, ranka ya daɗe, kuma na shiga sahunsu. Su ne masu kulle takardunsu da manhaja irin Cryptomator kafin su miƙa maka, ka karɓi ƙulli a ɗaure kamar kakana. Su ne masu kashe haurawar hotuna ta kai tsaye, masu kunna tabbaci na biyu don kalmar sirri kaɗai kada ta buɗe ƙofa, masu cire tsohon layi daga asusu tun kafin kamfanin waya ya sayar wa wani da lambar. Najeriya ma ta yi dokar kare bayanai a Yunin 2023, ta kafa hukuma, ta ba mutum ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa da neman a goge, ta ce in an yi ɓaraka mai haɗari a sanar da hukumar cikin awa 72. Doka ce mai kyau. Na so a ce akwai wanda ya karanta wa Gwaggo ita da Hausa kafin ranar da ta shiga kasuwar nan.

Ba mu biya ko kwabo ba. Manya suka riga mai barazanar zuwa gidan su ango, suka faɗi abin da ya faru, mutanen kirki ne suka ce ba komai. Shagon kuwa muka tarar wani ne a ciki. A kan tabarmar tsakar gida muka canza kalmar sirri, muka cire lambarsa, muka goge abin da ke rumbun ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo tana kallon shekara 2 na rayuwarta suna wucewa a gilashin waya. Da muka gama ta ce, "To wanda ya riga ya kwafa fa?" Ba ta jira amsa ba. Ta tashi ta ɗauko takardar gidan, ta naɗe a tsohon zani, ta ƙulle, ta sa a ƙasan kwalla.

An yi biki. Ranar kamu, da ƙawaye suka ɗaga wayoyi, amarya ta ja mayafi ta dunƙule, jikinta na rawa, har sai da uwar biki ta ce kowa ya mayar da tasa jaka. Saboda haka in ka duba rumbunka ba ka ga hoton bikin nan ko ɗaya ba, Ma'aji, ka yi mana afuwa.